Takardar tallafin karatu ta zo: nawa ya rage a wuyan mahaifi?

Daga tsakiyar Maris zuwa farkon Afrilu jami'o'in Amurka ke sanar da waɗanda suka ɗauka, na Ingila kuwa a rarrabe suke aiko da nasu har cikin damina. A wannan tsakanin ne hoton takarda ke fara zagaya zaurukan WhatsApp na dangi: wane ya samu tallafin dala 30,000 a shekara. Kafin la'asar an gama yi wa Hajiya barka, wani ma ya buga lissafi ya ce ai miliyan 45 ke nan. To, wannan adadin da aka rubuta da manyan baƙaƙe abin da makaranta ta yafe ne, ba kuɗi ba ne da za su shigo hannun kowa. Adadin da ya shafi gida shi ne wanda ba a cika rubutawa ba: abin da ya rage bayan an cire tallafin, a duk shekarun karatu, da naira. Shi ake fitarwa daga kowace takarda, sannan a jera su a gwada.

Ana farawa ne da cikakken kuɗin shekara. Kowace jami'a ta Amurka tana wallafa ƙiyasinta na abin da ɗalibi zai kashe a shekara guda, kuma ƙiyasin kashi biyu ne. Akwai abin da makaranta ke aiko da takardar biya a kansa: kuɗin koyarwa, ƙananan kuɗaɗen rajista da ɗakin gwaji da wasanni, ɗakin kwana da abinci. Akwai kuma abin da ɗalibi zai kashe da hannunsa: littattafai, sufuri, sabulu, waya. Wasu takardun kashi na farko kawai suke nunawa, wasu ma kuɗin koyarwa zalla, don ragowar ta fito 'yar kaɗan. Idan takarda ɗaya ta haɗa kwana da abinci, ɗayar ba ta haɗa ba, gwada su kai tsaye ɓata lokaci ne. Shiga shafin makarantar, nemi ɓangaren ɗalibai 'yan ƙasashen waje, ka ɗauko adadin shekarar da yaron zai shiga, ba na bara ba. A jami'o'in gwamnatin jiha farashi biyu ne, na 'yan jiha da na baƙi, kuma na baƙi yakan ninka na 'yan jiha sau biyu ko fiye. Ɗan Kano na baƙi zai biya.

Ko cikakken ƙiyasin ma, da ɗan ƙasa a rai aka yi shi. Wata tara yake ƙirgawa, daga ƙarshen Agusta zuwa Mayu. Ɗan ƙasa in an yi hutu sai ya tafi gida. Namu fa? Makarantu da yawa suna rufe ɗakunan kwana da wurin cin abinci a hutun Disamba, ko su karɓi ƙarin kuɗi ga wanda zai zauna, sannan ga dogon hutu na wata uku. Ko dai tikitin dawowa Kano, ko haya da cefane a can. Sai inshorar lafiya, wadda yawancin makarantu ke tilasta wa baƙo ya sayi tasu, kuma takan kai dala dubu biyu ko uku a shekara. Sai kuɗin SEVIS, wato rajistar ɗalibai baƙi ta gwamnatin Amurka, dala 350, da kuɗin neman biza, dala 185, da zuwa Abuja ko Legas ganawa, tunda babu ofishin bizar Amurka a Kano. Sai kayan sanyi na gaske, don rigar da ake sawa da hunturu a Kano ba ta isa tsayawa jiran mota a Minnesota a watan Janairu ba, da kwamfuta. Duk waɗannan a rubuta su a ƙarƙashin kowace makaranta, ko takardarta ta ambace su ko ba ta ambata ba.

Daga nan sai a rarraba abin da aka kira tallafi, domin ba duka ne kyauta ba. Iri uku ake cusawa a jimla ɗaya: kyauta wadda ba a mayarwa, rance wanda ake mayarwa da kuɗin ruwa, da izinin aiki a cikin makaranta. Kyautar kaɗai ake cirewa daga kuɗin shekara. Takarda tana iya cewa jimlar tallafi dala 38,000, amma in ka bi layi-layi sai ka ga kyauta 30,000, rance 5,000, aiki 3,000. Wannan tallafin 30,000 ne, ba 38,000 ba.

Kuɗin aiki ba a hannu yake ba. Sai yaro ya nemi aikin, ya samu, ya yi awoyin, sannan a biya shi duk mako biyu, alhali takardar biyan kuɗin zango tun kafin a fara darasi take zuwa. Mai bizar karatu ta F-1 ba ya wuce awa 20 a mako lokacin karatu, kuma a shekarar farko cikin makaranta kawai. Wanda ke karatun injiniya da gaske da wuya ya iya fiye da awa goma. Awa 10 sau mako 30 a kan dala 12, dala 3,600 ke nan kafin haraji. Ya ishe shi sabulu da waya da littafi, ba zai toshe giɓin dala 15,000 ba. Duk ejan da ya ce "ai in ya je zai yi aiki ya biya wa kansa", ko bai sani ba, ko yana tura yaron ga aikin da zai jawo a soke masa biza.

Rance kuwa, baƙo ba ya samun na gwamnatin Amurka. Shi wannan, da kyautar gwamnati ta Pell da fom ɗin FAFSA da ake neman su da shi, na 'yan ƙasa ne da masu takardar zama ta dindindin, don haka gidajen da aka haifa musu yaro a can su ne abin ya shafa. Abin da ya rage wa sauran shi ne rancen kamfanoni, wanda yawanci sai da mai tsaya maka mazaunin Amurka, ko kamfanonin da ke bayarwa ba mai tsayawa amma ruwansu ya fi tsada. Ruwan yana fara hawa tun yaro yana aji, kuma da dala ake biya. A gidajen da ba a taɓa riba, magana ta ƙare tun daga nan, a goge layin rancen gaba ɗaya a ƙara shi a kan abin da gida zai biya. Wanda ma bai damu da wannan ba, ya tambayi kansa ta yaya albashin naira zai biya bashin dala in yaron ya dawo gida.

Ga misali da alƙaluman da na tsara don lissafi, ba na wata makaranta takamaimai ba. Ta farko, mai zaman kanta: koyarwa 46,000, kwana da abinci 13,000, sauran 3,000, jimla dala 62,000, kyauta 30,000. Ta biyu, ta gwamnatin jiha: jimla dala 31,000, kyauta 8,000 kacal. A zauren dangi ta farko ce za ta sha tafi. Amma ragowarta 32,000 ce, ta biyu kuwa 23,000. A ƙaddara dala a naira 1,500 don sauƙin lissafi: miliyan 48 da miliyan 34.5.

Shekara ɗaya ke nan. Makarantu suna ƙara kuɗi kusan kowace shekara, kyautar da aka bayar don ƙwazo kuwa galibi a tsaye take. A ce ƙarin kashi 4 cikin 100 ne. Ta farko za ta koma 64,480, sai 67,059, sai 69,742. Kyauta tana nan a 30,000. Dubi abin da ya faru: makaranta ta ƙara kashi 4, amma rabon gida ya tashi daga 32,000 zuwa 34,480, kusan kashi 8, saboda duk ƙarin a kan gida ya sauka. A shekarar ƙarshe gida zai biya 39,742. Jimlar shekara huɗu dala 143,281. Ta biyu, da irin wannan ƙarin, wajen dala 99,640. Bambancin ya haura dala 43,000, fiye da naira miliyan 65, kuma mai ƙaramin tallafin ce ta fi sauƙi. Shi ya sa tambaya ta farko da za a aika wa ofishin tallafi ita ce: kyautar tana ƙaruwa in kuɗin makaranta ya ƙaru, ko adadi ne tsayayye? Kyautar da aka rubuta da kaso, misali rabin kuɗin koyarwa, tana bin ƙarin. Wadda aka rubuta da adadi ba ta bi.

Sai dai ita ma ta kason tana da nata tarkon. Rabin mene ne? Jami'o'i masu zaman kansu a arewacin Sayifurus sun shahara da ba kusan kowane baƙo tallafin kashi 50, kuma irin wannan salon ana ganinsa a wasu makarantun kuɗi na wasu ƙasashen. Wanda ya taɓa cinikin shadda a Kantin Kwari ya san in an faɗa maka farashin farko an kuma rage maka rabi tun ba ka buɗe baki ba, to na biyun shi ne farashin. Ba laifi ba ne, kawai kada a kira shi sa'a. A ɗauki abin da za a biya a gwada da na sauran makarantu. Haka nan "kashi 100" sau da yawa kuɗin koyarwa kaɗai yake nufi, kwana da abinci da inshora da rajista suna kanka. In yaro ya shigo da murna ya ce, "Abba, cikakke suka ba ni," sai a ce masa, "Madalla, karanto min layin ɗaki da na abinci."

Cikakken na gaskiya yana nan. Türkiye Bursları na gwamnatin Turkiyya yana ɗaukar kuɗin makaranta, masauki, inshora, tikitin zuwa da na dawowa bayan kammalawa, da alawus na wata, amma da shekara guda ta koyon Turkanci, wato karatun shekara huɗu ya zama biyar. Chevening na Ingila digiri na biyu ne na shekara ɗaya, da sharaɗin komawa gida a zauna aƙalla shekara biyu. A Amurka akwai 'yan makarantu ƙalilan, irin su Harvard, Yale, Princeton, MIT, Amherst da Dartmouth, da ba sa duba aljihun baƙo wajen ɗauka, kuma in sun ɗauke shi suna cike masa duk abin da suka lissafa gidansu ba zai iya ba. Su ne ke yin lissafin, daga abin da aka cike a CSS Profile, wato fom ɗin bayyana dukiyar gida, ko fom ɗin makarantar, kuma ana sake duba shi. Wanda ya rage dukiyarsa a fom don tallafi ya ƙaru, sannan ya kumbura asusu don neman biza, ya bar takardu biyu masu ƙaryata juna da sa hannunsa.

Akwai wani abu da ko masu cikakken tallafi yake ba su mamaki a zangon farko: haraji. A dokar Amurka, ɓangaren kyautar da ya biya koyarwa da littattafan dole ba a yi masa haraji, amma wanda ya biya ɗaki da abinci ana yi, kuma ga baƙo mai bizar karatu makaranta kan cire kashi 14 cikin 100. Najeriya ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka da za ta ɗauke wannan. A kan 13,000 na kwana da abinci, dala 1,820 ke nan, sai kawai a ga bashi ya bayyana a asusun ɗalibi. Wasu makarantu suna biya wa ɗalibansu, wasu ba sa biya. A tambaya tun yanzu.

Sharuɗɗan ci gaba da tallafi su ne wurin da na fi so iyaye su zauna su karanta da kansu, ko su sa wanda ya iya ya karanta musu, domin a nan ne ake yin asara mafi ciwo, a tsakiyar karatu, bayan an riga an zuba miliyoyi. Na farko maki. In an ce sai ya riƙe 3.5, a tuna ma'aunin can 4 ne, ba 5 irin na BUK ba. 3.5 a kan 5 matsakaici ne mai kyau, 3.5 a kan 4 kuwa sai kusan rabin darussa sun zama A. Ga yaron da ya sauka a sabuwar ƙasa, sabon abinci, Turancin da ake zubawa da sauri, ga lissafi da kimiyyar sinadarai a zango ɗaya, wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne. A ra'ayina kyautar 20,000 mai sharaɗin 3.0 ta fi ta 24,000 mai sharaɗin 3.5 daraja, nesa ba kusa ba. A tambaya kuma: in ya gaza, ana ba shi zango ɗaya ya gyara, ko yankewa ake nan take? In ya farfaɗo, ana mayar masa?

Na biyu yawan zanguna. Yawancin kyaututtuka zango takwas ne. Wanda ya faɗi darasi ɗaya da sai an ci shi ake hawa na gaba, ko ya sauya fanni a shekara ta biyu, yana iya buƙatar zango na tara, kuma wannan cikakken farashi zai biya. Na uku, wasu kyaututtukan na shekarar farko ne kawai, kuma ba koyaushe ake faɗa da babbar murya ba. In takarda ba ta ce ana sabuntawa ba, a ɗauka ba a yi, har sai an samu amsa a rubuce. Na huɗu, wasu an ɗaure su da fanni ko da zama a ɗakin makaranta, ranar da ya koma haya a gari don rage kashe kuɗi, sai a zaftare wani ɓangare. Na biyar, in ya samo wani tallafi daga waje, daga gwamnatin jiha ko wata gidauniya, wasu makarantu nasu suke ragewa daidai da abin da ya shigo, gida bai samu sauƙin ko kwabo ba.

Masu burin likitanci su lura: a Amurka ba a shiga karatun likita daga sakandare, sai bayan digirin farko, kuma tallafin nan digirin farkon kaɗai ya shafa. Wanda ya karanta likitanci a wata ƙasa kuma, sai ya ci jarrabawar MDCN, hukumar da ke kula da likitoci, kafin ya yi aiki a Najeriya. Tun kafin a kalli rangwame a tabbatar hukumomin nan gida sun amince da makarantar. Abin da ya samu masu takardun wasu jami'o'in Benin da Togo a 2024, lokacin da gwamnati ta dakatar da amincewa da takardunsu, ya isa darasi.

Na Ingila lissafinsa ya fi gajarta amma ya fi gaggawa. Tallafin da aka fi bayarwa ragi ne na fam dubu biyu zuwa biyar a kuɗin shekarar farko. Kafin a ba da lambar CAS, wadda makaranta ke bayarwa don neman biza, sai an biya kafin alƙalami, sau da yawa mai kauri. Kuɗin lafiya na ɗalibi fam 776 ne a shekara tun Fabrairun 2024, kuma na duk shekarun ake biya a dunƙule lokacin neman biza. Sannan a nuna ragowar kuɗin makaranta na shekara da kuɗin zama na wata tara, sama da fam 1,100 a wata a wajen Landan, wajen 1,500 a Landan, sun kwana 28 a jere a asusu ba su taɓa sauka ƙasa ba. In da naira aka ajiye, farashin ranar da aka shigar da takarda ake bi, don haka wanda ya ajiye daidai wa daida, naira ta ɗan zame, sai a hana shi biza a kan 'yan fam kaɗan. A ɗora aƙalla kashi goma a sama.

Wannan ya kawo mu kan canji, wanda babu takardar da ke ambatonsa. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin Fabrairun 2024 ta ƙare ta haura 1,500. Gidajen da suka tsara karatun shekara huɗu a kan tsohon farashi sun wayi gari kuɗin ya ninka sau uku, kuma a 2024 an ji labarin ɗaliban Najeriya a Ingila da aka dakatar saboda sun kasa cika biya. Kada a yi lissafi da farashin Wapa na yau kaɗai. A yi shi sau biyu: da na yau, da kuma wanda aka ƙara wa rabi. In na biyun ya fi ƙarfin gida, wannan makarantar caca ce. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

A kuma fayyace wane ne zai biya. Takardar I-20, wadda makarantar Amurka ke bayarwa don neman biza, shaidar kuɗin shekara ɗaya take nema, shi ya sa ake samun gidan da aka harhaɗa na farko, Baffa ya kawo, Kawu ya kawo, an sayar da fili a Ɗanbare, ba wanda ya yi maganar shekara ta biyu. A zauna a rubuta shekara huɗu a takarda, a gaban kowace a sa daga ina kuɗinta zai fito. "In Allah ya kai mu za a san yadda za a yi" addu'a ce mai kyau, amma ofishin kuɗi na makaranta kulle rajista yake yi, kuma ɗalibin da bai yi rajista ba bizarsa ta shiga matsala.

A jerin nan a bar gurbi ɗaya na gida. Dokar rancen ɗalibai da aka sa wa hannu a Afrilun 2024 ta kafa NELFUND: rance ba ruwa ga ɗaliban makarantun gwamnati irin su BUK da jami'ar Wudil, kuɗin rajista kai tsaye zuwa makaranta, naira 20,000 a wata ga wanda ya nemi na kashewa, a fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa, kashi 10 na albashi. Bashi ne, amma na naira. Gida da yawa zai fi musu a yi digirin farko a nan, a nemi na biyu a waje, inda cikakken tallafi da aikin taimaka wa malami suka fi samuwa, musamman a kimiyya da injiniya.

In giɓin bai yi yawa ba, ana iya roƙon a sake dubawa, kuma ba abin kunya ba ne, ofisoshin sun saba. Yaron ne zai rubuta, ba ejan ba, shafi ɗaya: godiya, cewa wannan makarantar ce zaɓinsa, adadin da gida zai iya, adadin da ya rage, da dalili mai takarda, kamar faɗuwar naira tun bayan cike fom, ritayar mahaifi, rasuwa, ko jinya. In wata makaranta takwararta ta ba da fiye, a haɗa da takardarta. A faɗi adadi, "dala 4,000 a shekara", kada a ce "a taimaka" kawai. A aika cikin makon da takarda ta zo, don asusun baƙi ƙarami ne kuma da wuri yake ƙarewa.

Yawancin makarantun Amurka 1 ga Mayu ce ranar ƙarshe ta amsawa da biyan kafin alƙalami, kuma makaranta ɗaya ake biya wa. Kafin a tura, a duba halin da bizar ɗalibai take ciki ga 'yan Najeriya a wannan makon, domin dokokin sun sha sauyawa tun 2025, a kuma samu amsa a rubuce kan abu biyu: in an hana biza ana mayar da kuɗin, kuma in an ɗage zuwa baɗi kyautar tana jira? Masu ba da shawara na EducationUSA, cibiyar gwamnatin Amurka ta shawarar karatu, a Abuja da Legas suna duba irin waɗannan takardu ba tare da la'ada ba. Kuɗin kansa kuwa ta shafin biyan kuɗi na makarantar ake tura shi, da lambar ɗalibin, ba asusun ejan ba, a kuma adana rasit ɗin tare da takardar tallafin, don ana iya neman su ranar ganawar biza.